Babi na Tara: Kalmar "Verdict" da Abin da Ke Gaban Hukunci

A cikin goman farko na azumin shekarar 2021, ranar 20 ga watan Afrilu, labari ya fito daga birnin Miniyafolis na ƙasar Amurka cewa an kai ƙarshen shari'ar ɗan sandan nan Derek Chauvin, wanda ya danne wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd da gwiwarsa har rai ya yi halinsa. Washegari kuwa, da yake mutanen Birnin Ƙonni ma'abuta sauraron rediyo ne tun zamanin da ba a san wayar hannu ba, da wuya a sami majalisar da ba a taɓa maganar ba, tun daga rumfunan 'yan canji na bakin hanyar Illela har zuwa inda dillalan albasa ke zama suna jiran motocin Galmi da Tsarnawa. Abin da kowa ya ji, kuma kowa ya maimaita, shi ne an yanke wa mutumin hukunci. Aka yi wata biyu da 'yan kwanaki, salla ta wuce, ruwa ya sauka, manoma suka duƙufa ga shuka, sai ga labari ya sake zuwa cewa ranar 25 ga Yuni an yanke wa Chauvin hukunci, wannan karon na ɗaurin shekara 22 da rabi.

Ina zaune a zauren wani dattijo, aminin mahaifina, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin fataucin albasa zuwa kurmi, lokacin da labarin na biyu ya zo. Ya rage muryar rediyon da ke kan buzunsa, ya ajiye tasbaha, ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, wanga ɗan sanda ba tun cikin azumi anka yanke mishi hukunci ba? To mi anka sake yankewa yau? Ko dai na farko an tashe shi na?" Na ce, "Baba Alhaji, ba a tashe shi ba. Ranar farko wasu mutum 12 daga cikin jama'ar gari ne suka ce laifin ya tabbata a kansa, yau kuwa alƙali ne ya faɗi abin da za a yi masa." Ya yi shiru ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe na farko shedu na sunka yi magana, na biyu kuwa alƙali." Dattijon ya kusa da gaskiya matuƙa, ko da yake bai kai gare ta ba, domin mutanen nan 12 ba shaidu ba ne, kuma wannan ɗan tazarar da ya rage tsakanin fahimtarsa da haƙiƙanin al'amarin ita ce dalilin rubuta wannan babi. Abin da aka yi a rana ta farko shi Turawan Ingila ke kira verdict, kalmar da muka saba cusa ta cikin buhu guda da 'yan uwanta biyu ko uku, mu ɗaure bakin buhun mu rubuta masa "hukunci".

Mu fara da lugga, kamar yadda malamanmu na fiƙihu ba su shiga babi sai sun faɗi ma'anar kalmarsa a lugga kafin ma'anarta a isɗilahi. Kalmar gaɓa biyu ce aka ɗinke, dukansu daga tushen harshen Latin, ta farko tana nufin gaskiya, ta biyu tana nufin abin da aka faɗa, saboda haka idan aka warware ɗinkin abin da zai fito shi ne "magana da aka faɗa bisa gaskiya". Babu ɗauri a cikinta, babu tara, babu bulala, babu ma alƙali. Hanyar da ta bi ta shiga Ingilishi ita ma abin lura ce, domin bayan da Wilyam, sarkin yaƙin Normandi, ya ƙetare teku ya ci Ingila a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na majalisar shari'a a can har tsawon ƙarnoni, kuma a bakin waɗannan masu mulki ne kalmar ta zauna, ana rubuta ta verdit. Daga baya ne masu ilmi, saboda son mayar da kalmomi kusa da asalinsu na Latin, suka ƙara mata harafi guda ta koma yadda ake rubuta ta yau. Da Faransawa suka yi juyin juya halinsu na 1789, suka kuma ɗauko tsarin shari'ar jama'a daga Ingila a 1791, sai kalmar ta zauna a harshensu da sabuwar rigarta, kamar ɗiyar da aka aurar nesa ta dawo ganin gida tana magana da karin harshen dangin mijinta. Wannan ne ya sa mu a Ƙonni take shigo mana ta ƙofa biyu, ta hanyar Yamai cikin Faransanci, da ta hanyar Sakkwato da Illela cikin Ingilishi, haruffanta iri ɗaya, alhali kuwa, kamar yadda za mu gani nan gaba, kayan da ta ɗauko a kowace hanya sun ɗan saɓa.

To su wane ne masu faɗin wannan magana ta gaskiya? A Turai ta wancan zamani, idan aka tuhumi mutum da babban laifi aka rasa bayyina, sai a sa shi ya ɗauki ƙarfe mai zafi a hannu a duba ko ƙunar za ta warke cikin kwana 3, ko a ɗaure shi a jefa a ruwa a ga ko zai nutse, limamin coci yana tsaye yana addu'a, suna ɗaukar cewa Ubangiji ne zai bayyana mai gaskiya. Al'ada ce da ba ta yi nisa da shan gwaska ko rantsuwa da aradu da aka sani a wasu sassan ƙasashenmu ba. A shekarar 1215 babban taron malaman Kirista da Fafaroma Innocent na Uku ya tara a Rum ya hana limamai sa hannu cikin wannan aiki, shi ke nan alƙalan sarkin Ingila suka wayi gari babu abin da za su gane mai laifi da shi. Sai suka koma ga wata hanya da Sarki Henri na Biyu ya riga ya shimfiɗa tun 1166, wato a tara mutum 12 daga maƙwabtan wurin da abin ya faru, a rantsar da su, a tambaye su abin da suka sani. Sunan da ake kiran wannan jama'a, juri, daga kalmar rantsuwa ya fito, don haka idan muka kira su "rantsattsu" ba mu ƙara kome ba, ba mu kuma rage ba.

Duk wanda ya taɓa halartar rikicin iyakar gona a ƙauyukanmu na kwarin Magiya ya riga ya ga wannan abu da idonsa, ko da bai san sunansa na Turanci ba. Ruwan farko ya sauka, wani ya shuka layi uku cikin abin da maƙwabcinsa ke cewa nasa ne, magana ta kai gaban mai gari, daga nan ta kai fada. Sarki ba ya yanke kome yana zaune. Yakan tashi wakilinsa, a kira dattawan da gonakinsu ke kewaye da wurin, a fita da hantsi, su shiga gaba suna dogara sanda jama'a na biye. Wannan ya tsaya gindin gawo ya ce daga nan iyakar ta tashi, wancan ya kau da ƙasa da ƙafarsa ya nuna tushen gamba da aka dasa tun zamanin kakanni, na uku ya ce shi da uban wane suka yi gayya a nan shekarar da fara ta cinye hatsi, kuma kunyarsu ba ta taɓa wuce wancan kututturen aduwa ba. Idan an buƙaci rantsuwa a yi alwala a ɗauko Alƙur'ani cikin gafakarsa. Dattawan nan ba su faɗin wanda zai biya, ko abin da za a yi da hatsin da aka riga aka shuka. Iyakar abin da ke wuyansu su ce ga inda iyaka take. Sauran magana, ta sulhu ko ta ramuwa, tana komawa fada. Maganar da suka faɗa a bakin gona ita ce verdict a siffarta ta asali.

Sai dai da ƙarnoni suka shuɗe al'amarin ya juya baya gaba. Da can ana zaɓen mutum ne saboda ya san masu husuma ya kuma san abin da ya gudana. Yau kuwa a Ingila da Amurka, wanda aka gane yana da sanayya da ɗayan ɓangarorin akan sallame shi a ɗauko wani, domin abin da ake nema shi ne zuciyar da ba a rubuta kome a kanta ba, wadda za ta saurari shaidu da lauyoyi, ta ji bayanin doka daga bakin alƙali, sannan ta auna. A nan ne fahimtar Baba Alhaji ta tsaya: rantsattsu sun tashi daga matsayin shaidu sun koma masu auna shaida.

Akwai wata ƙissa da ya kamata duk mai son sanin nauyin wannan kalma ya sani. A shekarar 1670 aka gurfanar da mutum biyu a kotun Old Bailey ta birnin Landan, William Penn, wanda daga baya ya kafa Fensilbaniya a Amurka, da abokinsa William Mead, bisa tuhumar tara jama'a ba bisa ƙa'ida ba, saboda sun yi wa'azi a kan titi bayan hukuma ta rufe ɗakin ibadar ɗariƙarsu. Alƙalan sun riga sun ƙudurta a ransu cewa mutanen masu laifi ne, amma rantsattsun suka ƙi faɗin abin da ake so su faɗa. Aka mayar da su ɗaki, suka dawo da maganarsu ta farko. Aka kulle su dare biyu babu ci, babu sha, babu wutar jin ɗumi, suka fito suka ce ba su sami mutanen da laifi ba. Sai kotu ta ci kowannensu tara, ta kuma tura su kurkuku har sai sun biya. Wani daga cikinsu mai suna Edward Bushel, da wasu 'yan uwansa, suka ƙi biya, suka zauna a tsare makonni, har maganar ta kai gaban babban alƙali John Vaughan, wanda ya yanke cewa ba shi halatta a azabtar da rantsattse saboda abin da ya faɗa bisa rantsuwarsa, domin mutum ba ya gani da idon wani, kuma mutane biyu masu amana suna iya jin shaida guda su fahimce ta daban. Ni dai duk lokacin da na tuna da wannan ƙissa sai in ga girman talakan da aka ba amanar kalma guda ya riƙe ta da yunwa da ƙishirwa, sarauta da malanta duka suna kansa, bai sake ta ba. Tun daga ranar kalmar ta sami ma'anarta ta biyu a zukatan mutanen can: magana ce da mai mulki ba shi da ikon sa ta a bakin talaka.

Yadda ake amfani da ita a yau mai sauƙi ne, in an kiyaye iyakokinta. A shari'ar laifi, bayan an gama jin kowa, rantsattsu sukan keɓe a ɗaki su kaɗai, babu alƙali babu lauya, kuma abin da suka tattauna a ciki sirri ne. Waɗanda suka saurari shari'ar Chauvin sun yi kimanin sa'a 10 a keɓe. In sun dawo, shugabansu ya miƙa amsa kan kowace tuhuma, ɗayan biyu, ya yi laifi ko ba a same shi da laifi ba, ba tare da sun faɗi dalili ba. Shi ya sa Bature ke cewa rantsattsu sun "kai ga" verdict, ko sun "mayar" da shi, domin tambaya ce kotu ta aike su da ita suka komo da amsa. A da lalle ne bakinsu ya zo ɗaya. Ingila ta sassauta a 1967 ta yarda da mutum 10 cikin 12, Amurka kuwa kotun ƙolinta ta tabbatar a 2020 cewa a manyan laifuffuka sai an sami ijma'in dukansu kafin a kama mutum da laifi. Idan sun kasa daidaitawa, to babu verdict ke nan, ana iya sake shari'ar da wasu mutane. Abin da alƙali zai faɗa daga baya na ɗauri ko tara, sunansa sentence. Rubutaccen bayanin kotu mai ɗauke da hujjoji da umarni kuwa shi ne judgment. Uku ke nan, kowanne da mai shi da ranarsa, mu kuwa duk mun ce hukunci.

Amsar nan ta biyu tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ne fassara ta fi ɓarna. Idan rantsattsu suka ce ba a sami mutum da laifi ba, ba su shaida cewa hannunsa fari ne ba. Abin da suka ce shi ne mai ƙara bai kawo hujjar da ta kawar da shubuha ba. Ɗan wasan nan na Amurka O. J. Simpson an sallame shi a shari'ar kisa a 1995, amma a 1997 wasu rantsattsu, a ƙarar diyya da iyalan mamatan suka kai inda ma'aunin hujja ya fi sauƙi, suka ɗora masa alhakin mutuwar suka sa shi biyan dala miliyan 33 da rabi, kuma a idon dokarsu babu tufka da warwara a ciki. Mutanen Sikotland, waɗanda rantsattsunsu 15 ne, sun daɗe da amsa ta uku mai cewa "bai tabbata ba", har majalisarsu ta kaɗa ƙuri'ar soke ta a 2025. Saboda haka maganar da muka saba ji cewa "kotu ta wanke shi" takan wuce gona da iri. Sau da yawa kotu ba ta wanke kowa ba, ta dai ce ba a nuna mata dauɗar ba.

Bayan haƙiƙa akwai majazi. Bature yakan ari kalmar ya ba likita idan ya gama duba maras lafiya, ya ba masu jefa ƙuri'a ranar zaɓe, ya ba tarihi kansa. Jaridun Nijeriya kuma suna sa ta a kanun labarai duk lokacin da kotun ƙarar zaɓe ta zauna, ko da yake babu rantsattse ko ɗaya a zauren. Wannan duk aron kalma ne, babu laifi a cikinsa matuƙar mai fassara ya san aro ne.

Kada mai karatu ya zaci cewa raba tabbatar abu da yanke hukunci a kansa wata hikima ce da Turawa suka keɓanta da ita, domin fuƙaha'unmu na mazhabar Maliku sun yi wannan bincike tun da daɗewa, sun kuma yi shi da zurfi. Shihabuddini Alƙarafi, malamin Masar da ya rasu a shekarar 684 ta Hijira, wato 1285, ya ware magana a littafinsa Alfuruƙ kan bambancin subutu da hukunci, Ibnu Farhun na Madina kuma ya bi sawunsa a Tabsiratul Hukkami. Subutu shi ne hujja ta tsaya a gaban alƙali har abin ya tabbata a wurinsa. Hukunci kuwa shi ne ya lizimta wa wani abin da wannan tabbaci ya wajabta. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne ganin wata: adilai su zo su shaida sun ga jinjiri, a bincike su, a ce wata ya tabbata, sanarwa ta fito daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato har mu a nan mu ji ta kafin mu kwanta, an sami subutu cikakke, amma ba a yanke wa kowa kome ba. A majalisar alƙali ma akwai matakai tsakanin biyun waɗanda duk ɗalibin da ya karanta Tuhfa ta Ibnu Asim a zaure ya san su: mudda'i, wato mai ƙara, ya kawo bayyina, a yi wa shaidunsa tazkiya, wato a tabbatar da adalcinsu, sannan a yi wa wanda ake ƙara i'izari, wato a tambaye shi ko akwai sauran hujja da yake da ita ko suka ga shaidun, kuma sai ya gaza ne alƙali zai buɗe baki da hukunci. Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta kusa da Galmi, a 1754, wanda ƙanensa Abdullahi ya wallafa Liya'ul Hukkami don shiryar da masu mulki da alƙalai.

Har ila yau malamanmu sun fi Turawa tsantseni wajen kiran abin da kotu ta tabbatar "gaskiya". Hadisin Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, ya nuna cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu husuma cewa wani yana iya fin wani iya tsara hujja a yi masa hukunci bisa abin da aka ji, kuma wanda ya karɓi haƙƙin ɗan'uwansa ta haka wuta ya yankar wa kansa. Gaskiyar kotu gaskiyar zahiri ce, ta baɗini tana wurin Allah, kuma wannan ƙa'ida ta hau kan rantsattsun Landan kamar yadda ta hau kan alƙalin Gwandu.

A fiƙihun ƙasashen Magrib akwai abin da ake kira shaidar lafifi, inda ake karɓar maganar mutum 12 daga gama-garin jama'a idan an rasa sanannun adilai; wani masanin shari'a a Amurka, John Makdisi, ya rubuta a 1999 cewa la'alla daga nan Ingila ta samo tsarinta ta hanyar tsibirin Sisili, ra'ayin da akasarin masana tarihin shari'ar Ingila ba su bi shi a kai ba. Kamannin dai a fili yake. Bambancin da ya rage shi ne cewa a wurinmu subutu da hukunci duk a hannun alƙali suke, wanda aka sharɗanta masa ilmi da adalci aka kuma so ya shawarci malamai, su kuwa sun raba aikin biyu sun ba talakawa rabi. Ba ina kiran a ɗauko tsarinsu a dasa mana ba ne. Ina cewa ne wanda kakanninsa suka san subutu ba shi da uzurin kasa fassara verdict.

A ƙetaren iyaka, Ingilishi bai taɓa kawo rantsattsu Arewacin Nijeriya ba. Ya bar kotunan alƙalai da na sarakuna, har kwamitin da babban alƙalin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya shugabanta a 1958 ya ba da shawarar da ta haifi dokar finalkod wadda ta fara aiki a 1960. Legas ce ta san wannan tsari, ita ma ta bar shi a shekarun 1970. A ɓangarenmu kuwa, Faransa ta kafa kotunan 'yan ƙasa a Afirka ta Yamma da dokar 1903, kumandan ne ke zama a kan babbar kujera, kuma ƙarƙashin dokar andijena yana iya jefa mutum gidan kaso har kwana 15 ba tare da wata shari'a ba, abin da bai kau ba sai 1946. Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijar ta tsara dokokinta na shari'ar laifi a 1961 bisa tafarkin Faransa, ta gaji kotun asiz, inda a wancan lokaci ake zaunar da wasu 'yan ƙasa tare da ƙwararrun alƙalai. To a nan saɓanin da na ambata tun farko yake: tun 1941 Faransa ta haɗa rantsattsu da alƙalai a ɗaki guda suna yanke maganar laifi da ta horo tare, saboda haka idan ɗan jaridar Yamai ya rubuta verdict cikin Faransanci, sau da yawa yana nufin duka biyun, tabbatar laifi da shekarun ɗauri, alhali takwaransa mai fassara labarin Amurka ko Ingila rabin farko kaɗai ke gabansa. Mai fassara a garin iyaka irin namu wajibi ne ya fara tambayar kansa ta wace ƙofa kalmar ta shigo.

Mai yiwuwa wani ya ce, mene ne amfanin faɗin cewa laifi ya tabbata in dai horo zai biyo baya, ai horon ne magana. Mutumin Ƙonni bai kamata ya yi wannan tambaya ba, domin garinsa ya ɗanɗana amsarta. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, maza da mata da yara, ta ƙone garin, ta wuce gabas tana maimaita irin wannan ta'asa. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko don ya tsayar da su, kuma cikin kwana 3 sojojinsu da kansu suka kashe Voulet da Chanoine duka biyun. Wato sakamako ya riske su tun a duniya, kuma da gaggawa. Amma babu kotun da ta taɓa zama a kan jinin mutanen Ƙonni. Majalisar dokokin Faransa ta ƙi kafa kwamitin bincike a 1900, ma'aikatar mulkin mallaka kuma ta rufe nata binciken a 1902 tana jingina abin ga taɓin hankali da zafin ƙasar Sudan ta Faransa ya jawo. An sami mutuwar masu laifi, ba a sami subutun laifin ba, kuma shekara fiye da 120 bayan haka jikokin waɗanda aka kashe har yanzu abin da suke nema ke nan, a tsaya a bainar jama'a a ce abin nan ya faru, ga wanda ya yi shi, kuma zalunci ne. Iyalan George Floyd sun ji wannan magana cikin wata 11 da rasuwarsa, kuma sun zubar da hawayen farin ciki a ranar, tun ba a ambaci ko kwana ɗaya na ɗauri ba.

Saboda haka ina roƙon 'yan uwana masu fassara labarai a gidajen rediyo, da tafintocin kotuna, da malaman da ke koyar da Ingilishi da Faransanci a makarantunmu daga Ƙonni har Malbaza da Illela, su daina sa kalmar "hukunci" a inda ba gurbinta ba. Idan rantsattsu sun yi magana, a ce sun same shi da laifi, ko a ce laifin bai tabbata a kansa ba. Idan suna ake buƙata, a ce matsayar rantsattsu, a gaban malamai kuwa a ce subutu, za su gane nan take. A ajiye "yanke hukunci" sai ranar da alƙali ya faɗi ɗauri ko tara ko diyya. Ƙarin bai wuce kalma uku ko huɗu a cikin labari ba, kuma dattijon da ke zaune a zaure da rediyo a kan buzunsa yana da haƙƙin a gaya masa abin da ya faru daidai yadda ya faru.